Sunan da ke Jikin Kwalba

Ni ce Rakiya, wadda kuke ce wa Madam Majina in na ba da baya. Na ji, kunnena ƙalau yake. Shekarata goma sha ɗaya ina ɗibar majina daga hancin yara masu tari, a nan Tawa da ƙauyukan arewacin Adar, ina zuba ta a kwalba ina tura ta inda za a duba wace ƙwayar cuta ce a ciki. Ku huɗun nan da aka turo mana daga lekwal, makarantar boko, tun ranar da kuka zo ba ku da zance sai abin da malaminku ya gaya muku: wai a ƙasashen waje yanzu ana buɗe ƙwayar cutar, a karanta rubutun halittarta harafi bayan harafi, a san danginta da hanyar da ta biyo. Gaskiya ne, ni ma na ji. Sai ɗayanku ta ce ita wancan aikin take so, wannan kuwa ko tsohuwa ta iya, tunda tsofaffi da baki suke tsotse hancin jariri. Ba ni da haƙurin maimaita magana sau huɗu, shi ya sa na rubuta. Ku karanta, ku miƙa wa juna.

Yaron farko da na ɗiba ɗan wata bakwai ne, daga Kalfu aka kawo shi bisa jaki. Lokacin shekarata sha bakwai, takardar gama kwaleji tana cikin jakata, ina ganin babu abin da ya rage ban sani ba. Manjo Nomau, shugaban ma'aikatan jinya na ƙaramar likitarmu, wato asibitinmu na bakin gari, shi ya jera mini kaya a faranti: siririyar roba mai laushi wadda kaurinta bai fi tsinken tsintsiya ba, da sirinji, da ruwan gishiri, da 'yar kwalba mai murfi da ruwa ja-ja a cikinta. Ya ce in auna robar daga ƙofar hanci zuwa kunne, in riƙe wurin da yatsa. Na auna. Sai na tura ta sama, yadda kowane sabon hannu yake yi. Jini ya fito, yaro ya ƙwalla ƙara, uwar ta fizge ɗanta ta zage ni har kakata.

Manjo bai ɗaga murya ba. Cewa ya yi, "Ɗiyata, wa yag gaya miki hanci sama ya nuhwa? Baya ya nuhwa, wajen ƙeya. Lekwal ta koya miki kogunan Faransa, ba ta koya miki hancinki ba." Ya miƙo mini sabuwar roba ya ce in gwada a nawa hancin. Na gwada, hawaye na zuba, yana tsaye yana gyara mini hannu. Sau uku ya sa na yi. Ku ma za ku yi ran Litinin, kowa a hancinsa, kada wanda ya zo mini da uzuri.

Riƙon yaro rabin aikin ne. Uwa ta zauna a benci, bayan yaro a ƙirjinta, ƙafafunsa tsakanin cinyoyinta, hannunta ɗaya ya zagaye hannayensa, ɗayan a goshi. Kada ku ba uba riƙo. Zai ce muku shi namiji ne, kukan farko ya saki, robar tana ciki. A ɗiga ruwan gishiri, a shigar da robar a kwance, a ja sirinji a hankali, a fito. Duka bai kamata ya wuce lokacin karanta Fatiha ba. In kuka tsaya lalube, yaron da ƙirjinsa ya riga ya cushe zai shiɗe a hannunku, leɓensa ya yi baƙi, kuma ba malaminku ne zai tsaya gaban uwar ba.

Daga nan sai sanyi. Ƙwayar da ke iya kashe yaro, ita kanta ba ta jure rabin yini cikin zafi, kuma matacciya ba ta da amfani ga masu dubawa. Firigonmu na kananzir ne. Kullum da safe a sunkuya a dubi wutar: in shuɗiya ce, lafiya, in ta yi ja tana hayaƙi, a kashe, a datse lagwani, a share bututu, a sake kunnawa. Manjo yakan ɗora kofin ruwa bisa firigon ya duba ko ya karkace, don in ya karkace ba ya sanyi. A ciki allurar rigakafi take, a ciki kwalabena suke. Makullin kuwa a wuyansa yake rataye da igiya, ko masallaci da shi yake zuwa. Ruwan cikin kwalba in ya tashi daga ja-ja ya koma rawaya, kada ku tambayi kowa, ya lalace, a zubar.

Iyaye mata kuma, tambayarsu guda ce: "To ina maganin?" Dole ku gaya musu gaskiya, wannan ba magani ba ne, bincike ne. Za su dube ku kamar ɓarayi. A bakin ƙofarmu, gindin itacen bedi, wato dogon yaro, akwai wani wanzami, Arzika, da zabirarsa. Duk wadda ta fito daga wurina sai ya tare ta: "Mi tab ba ki? Ba komi ko? Majina taɗ ɗauka ta kai ma Nasara. Kawo shi in cire mishi beli, ki gani da idonki." Ni kuwa in leƙo ta taga in ce, "Arzika, askar jiya ce ko ka wanke ta?" Ya ce, "Ta hi bakinki tsabta, 'yar lekwal." Shekaru muna haka. Shi yana da abin nunawa, tsoka a tafin hannu. Ni ba ni da komai sai takardar da za ta zo bayan wata biyu, in ta zo. Wannan ne aikin da kuke cewa mai sauƙi.

Yanzu ga shekarar da nake so ku sani.

Shekarar da ruwa ya ƙi, gero ya tsaya iya gwiwa ya bushe a tsaye, mutanen arewa suka gangaro. Makiyaya da manoma, waɗanda dabbobinsu suka ƙare da waɗanda rumbunsu ya ƙare, suka yi sansani gaba da Barmu, bukkokin kara da tsumma da tsofaffin fatu. Soja ke mulki, kuma a takardar aiki ba a rubuta yunwa, sai dai ka rubuta ƙarancin abinci. Yara suna ramewa a gabanmu muna neman kalma mai ladabi.

Manjo ya san inda yara masu yunwa suka taru ƙyanda na tafe. Ya ɗora firigo a mota ya tafi sansanin, ya bar ni da tsaron likitar. Kwana tara ya yi yana yi wa yara allurar ƙyanda, yana rubuta kowane yaro a babban littafinsa: sunansa, sunan uwarsa, ƙauyensu. Da ya dawo na ce masa aikin kwana uku ne ya mai da tara. Ya ce, "Haka na, na tsuhwa."

Da sanyi ya shigo sai tari ya faɗa sansanin. Ƙananan yara yake kamawa, 'yan ƙasa da shekara biyu. Numfashi sama-sama, haƙarƙari na lotsawa ciki, ƙirji na fito kamar ana busa kara. Aka fara binne su. Wani wanda bai taɓa taka sansanin ba ya zauna a biro, wato ofis, ya rubuta wa na sama cewa ƙyanda ce, allurar Manjo lalatacciya ce, wai ya sayar da kananzir ya bar firigo ya mutu. Ran wata Talata wani kaftin mai kula da rabon taimako ya zo da jandarma biyu. A gaban matan da ke layi ya sa Manjo ya cire makullin daga wuyansa. Ya ɗauke babban littafin ya saƙale a hammata.

Manjo ya ce, "Kaftin, ba ƙyanda ba ta. Ba ƙuraje, ba jan ido. Shekara talatin ina ganin ƙyanda."

Kaftin ya ce, "Yaron da ya rame ba ya fitar da ƙuraje, an bayyana mini. Ka zauna gida har kwamiti ya zauna."

Kowa ya san ma'anar wannan. In kwamiti ya ce laifinsa ne, kora ce da gidan kaso, ga mutumin da saura shekara biyu ya huta. Kuma duk Adar za a ce Nomau ne ya kashe 'ya'yan mutane saboda kananzir.

Lokotoronmu, wato dokta, wani saurayi ɗan Damagaram da bai daɗe da zuwa ba, ya kira ni ya rufe ƙofa. Ya ba ni kwalba goma sha biyu. Ya ce, "Ki je ki ɗibo daga yaran da Manjo ya yi wa allura, masu tarin. In ƙyanda ce, mu yi shiru. In wata ƙwaya ce, mun sami takarda. Ki rubuta sunaye da kyau." Na ce masa ba yau na fara ba.

Ƙanƙara na saya wurin wani ɗan kasuwa Bamaraɗe mai firigon lantarki, na cika akwatin sanyi, na naɗe shi da jiƙaƙƙen buhu. Motar da ta ɗauke ni ta yi faci sau biyu, sai da rana ta ɗaga sosai muka isa. Ina sauke akwatin na ji ruwa na motsi a ciki. Na shimfiɗa tabarma, na ce duk yaro mai tari da tsohon nan mai farin gemu ya yi wa allura a kawo shi.

Tsofaffin mata ne suka fara zuwa. Kullum haka ne, su ba su jin kunyar kowa, da gwiwar hannu suke ture 'yan mata su shige gaba. Kuma abin da tsohuwa ke goye da shi a bainar jama'a, galibi jikanta ne ɗan fari, don uwarsa ba za ta ɗauke shi gaban mutane ba. Ta farko doguwa ce, baƙa, da haƙori ɗaya a sama. Ta zauna ta riƙe yaron daidai, ban ko gyara mata ba. Ɗan wata goma sha ɗaya, ƙirjinsa na fito. Na ɗiba, na rufe kwalba, na ɗauki bik in rubuta.

"Inna, sunan yaro?"

"Maigida."

"Sunan yanka nike tambaya."

"Ke da kinka yi lekwal, rubuta Maigida. Mijina na. Ga shi nan, ba haƙori, ba cehwane, sai tari shika ba ni." Mata suka kwashe da dariya.

"Ke sunanki?"

"Hajo."

A bayanta wata matashiya tana tsaye, ta juya fuska gefe. Na ce, "Ke ce uwar?" Ta dubi ƙasa ta ce, "Ba nawa ba na." Nono ya jiƙa mata gaban riga.

Ba zan ce ban sani ba. Ni kaina 'yar fari ce, har yau uwata ba ta taɓa kiran sunana ba, "ke" take ce mini, in tana zancena ta ce "waccan". Na san uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari, na san kaka ba ta faɗin sunan jikan da ya ci sunan mijinta. Amma ruwa na ɗiga daga gindin akwati, ga yara sha ɗaya na jira, ga direba na danna oda. Na rubuta Maigida, a gurbin uwa na rubuta Hajo. Ta biyu ta ce nata Ango, na rubuta Ango. Ta uku ta ce Mai-sunan-Malam. Ta huɗu ta ce Baƙo. Na rubuta duka, ina jefa kwalabe cikin akwati, na farko a can ƙasa jikin ƙanƙara, na baya bisa su. Cikin awa ɗaya na gama sha biyun, ina jin kaina gwana.

Washegari da asuba na sake ƙanƙara na shiga motar Yamai, inda ake duba kwalaben, da akwatin bisa cinyata, don ban yarda in ba kowa ba. A wani shinge sojoji suka tsai da mu suna neman hatsin da ake fitarwa a ɓoye. Ɗaya ya ga akwatin yana naso, ya ce in buɗe in ba shi ƙanƙara ya sa a gorarsa. Da na yi shiru na nuna masa takardar lokotoro, da an wuce wurin. Sai na ce, "Buɗe da kanka. Tarin da ke kashe yara ne a ciki, ka kai wa ɗiyanka tsaraba." Bai taɓa akwatin ba. Amma ya sa aka sauke kayan motar kaf, ya ce kowa ya tsaya a rana kusa da kayansa. Awa uku. Fasinjoji suna zagina, suna da gaskiya. Na cire kallabina na jiƙa na rufa wa akwatin, na tsaya ina yi masa inuwa da jikina.

Mako bakwai muka jira. Manjo yana gida, ba ya zuwa kasuwa, don an fara nuna shi da baki. A sansani ana ta binnewa. Lokotoro ya rubuta yana roƙon a ba mu ɗaki guda a ware yara masu tarin, da tulun iskar numfashi ko ɗaya. Har yau ba a amsa wannan takardar ba.

Da sakamako ya zo, ga abin da ya ce. Kwalba takwas na sama sun lalace a hanya, ba a sami komai ba. Huɗu na ƙasa, na jikin ƙanƙara, sun isa da rai. Babu ƙyanda ko a ɗaya. Wata ƙwaya ce daban mai toshe ƙananan hanyoyin iska a ƙirjin jarirai, wadda babu allurar rigakafinta, kuma allurar ƙyanda ba ruwanta da ita. A ƙasan takardar suka ƙara da cewa sun tura ragowar ƙasar waje, wurin masu karanta rubutun ƙwaya. To ku ji, masu son wancan aikin: duk iya karatun da suka yi mata, abin da ke manne jikin kwalbar Maigida ɗan Hajo ne, kuma ba a taɓa haihuwar yaro mai wannan suna ba.

Ni lokacin ban ko tuna da zancen sunayen ba. Da gudu na kai wa kaftin takardar. Ya karanta, ya jawo babban littafin Manjo daga aljihun tebur, ya ɗora rula yana bi layi-layi.

"Maigida, uwa Hajo. Babu. Ango. Babu. Mai-sunan-Malam, wannan suna ne? Baƙo. Babu." Ya rufe littafin. "Madmazel, waɗannan ba yaran da ya yi wa allura ba ne. Kin ɗibo waɗanda kika ga dama don ki wanke maigidanki. Kwamiti ran Alhamis."

Na tarar da Manjo a zaure yana ɗaure igiyar gado. Ya karanta takardar sau biyu, ya ce alhamdu lillahi. Sannan na gaya masa sauran. Ya aje igiyar.

"Kin san mi yas sa niy yi kwana tara?" ya ce. "In uwa ta ƙi hwaɗi, ba a matsa mata. Sai in nemi maƙwabci ko liman. In babu, in zamna in dinga jero sunaye, Mahamadu, Abdu, Isuhu, Sule, ina kallonta. Inda taj ja mayahi tar ruhe huska, nan na. In rubuta. Ba ta hwaɗi ba, ni kuwa na sani."

Na ce, "Baba Manjo, me ya sa ba ka taɓa koya mini ba?"

Ya ce, "Na ɗauka ɗiyar Hausawa ba a koya mata wanga."

Kwana uku suka rage. Na koma Barmu na tarar sansanin wayam, sojoji sun kwashe mutane zuwa wuraren noman rani, an warwatsa su. Kakar Ango an ce sun yi kudu. Baƙo ba wanda ya san shi. Mai-sunan-Malam kowa ya ce akwai su da yawa. Ran Laraba da hantsi, a wani lambu kusa da Affala, na hango doguwar tsohuwa tana ban ruwan albasa da ƙwarya. Ta gane ni tun daga nesa.

"'Yar likita, ke ta? Kin zo ƙarin majina?"

"Inna Hajo, ina Maigida?"

Ta aje ƙwaryar. "Maigida ya sake ni, ɗiyata. Kwana huɗu bayan zuwanki."

Na yi mata gaisuwar rasuwa. Matashiyar tana can gefe tana cirar ciyawa, ba ta ɗago ba. Sunanta Habsu, matar ɗan Hajo ce, mijin ya tafi cin rani bakin teku tun kafin kaka. Mutanen ƙauyensu ba ko ɗaya a lambun, limamin da ya raɗa sunan ba a san inda aka kai shi ba. Na gaya musu abin da ake ciki ba tare da kwana-kwana ba: tsohon da ya yi wa yaron allura za a ɗaure gobe, kuma kuskurena ne. Hajo ta ce, "Mai hwarin gemen nan da yaz zamna ƙasa tare da mu? Habsu, wanke hannunki."

Ran Alhamis a biron kaftin akwai shi, da magatakarda, da wasu mutum biyu daga Yamai, da lokotoro. Manjo yana tsaye da hularsa a hannu, ba a ba shi kujera ba. Littafin yana rufe bisa tebur, hannun kaftin a kai. Hajo ta yi bayani tsaf: ita ta kawo yaron wurina, ita ta ce Maigida, ita ce Hajon da aka rubuta, ga uwar yaron nan Habsu, kuma tsohon nan ya yi masa allura a gabanta.

Kaftin ya ce, "Habsu sun fi biyar a littafin nan. Sunan yaron na gaskiya."

Hajo ta ce, "Sunan mijina garai. Tun ina budurwa ban hwaɗe shi ba, shina da rai ban hwaɗi ba, ya mutu ban hwaɗi ba. Ba gaban soji zan hwara ba, ɗana."

"To uwar ta faɗa."

Habsu ta juya ta fuskanci bango.

Manjo ya ce, "Kaftin, ga hanya mai sauƙi. Buɗe littahin, karanta sunayen ɗiyan Habsu ɗaya-ɗaya, ka dube ta. Za ka gani da kanka."

"Ni ba boka ba ne, ba na duba fuska. Magatakarda abin da aka faɗa da baki yake rubutawa."

Na ce, "Kai ma ai mace ta haife ka, je ka tambaye ta." Lokotoro ya taka mini ƙafa har sai da na ji a ƙashi. Kaftin bai ko dube ni ba. Ya san al'adar sarai, a ƙasar nan aka haife shi. So yake a rasa shaida, don takardar farko ta riga ta hau sama da sa hannunsa.

Manjo ya mai da hularsa kai. Ya ce, "To a bar shi. Rubuta abin da za ka rubuta. Ɗanta bai yi wata biyu cikin ƙasa ba, ba a sa ta wanga saboda ni. Hajo, ku tashi ku tahi, na gode."

Kaftin ya cire murfin alƙalami. Hajo ta kama hannun Habsu za su fita. Habsu ba ta motsa ba. Goshinta na jikin bango ta yi magana, ƙasa-ƙasa.

Kaftin ya ce, "Ban ji ba."

Ya ji. Ni da na fi shi nesa da ita na ji.

Ta ɗaga murya ta ce, "Asumana."

Hajo ta toshe kunnuwanta da hannu biyu ta durƙushe. Ɗaya daga cikin mutanen Yamai ya jawo littafin daga ƙarƙashin hannun kaftin ya buɗe da kansa. Ya bi shafi uku, ya tsaya, ya karanta a fili: Asumana, uwa Habsu, da sunan ƙauyensu, an yi masa allurar ƙyanda. Ya dubi takardar sakamako, ya dubi lokotoro, ya ce wa magatakarda ya rubuta babu laifi. Kaftin ya buɗe aljihun tebur ya jefo makullin firigo, ya zame ya faɗi ƙasa. Ba a ce wa Manjo yi haƙuri ba. Ba wanda ya tambayi wanda ya ƙaga zancen kananzir. Ba wanda ya ce wa Habsu ko sannu.

A waje matan suna tsaye jikin katanga suna jiran motar Affala. Manjo ya je gaban Habsu ya tsuguna, dattijo da farin gemu, makullin a hannunsa bai ko rataya ba. Ya ce, "Ɗiyata, ki gahwarta muna." Ta ja mayafi ta rufe fuska ta ce, "Ba komi, Baba." Hajo ba ta yi wa kowa ba'a ba, har motar ta zo suka hau.

Sai da ƙurar motar ta kwanta ya juyo wurina.

"Kin maido mini aikina, na gode," ya ce. "Amma da kin zamna minti biyar ran nan, da yarinyar ga har ta mutu ba ta hwaɗi sunan ɗanta gaban soji ba."

Na buɗe baki in ce masa ƙanƙara ce ke narkewa. Na rufe.